Shayin Fure da Lafiyar Jiki: Nazari a Kan Juhuwar Sin da Zoɓon Ƙasar Rano da Kibiya

Kalmar shayi a bakin Bahaushe ta fi faɗin ganyen da aka samo ta daga gare shi. Ganyen shayi na asali, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis, shi ne wanda mai shayi ke dafawa a teburinsa, kuma a Nijeriya a tsaunin Mambila na jihar Taraba ake noma shi. Sai dai duk abin da aka jiƙa a ruwan zafi aka sha, citta ce ko na'a-na'a ko kanumfari, yakan shiga ƙarƙashin wannan suna. Daga cikin ire-iren nan akwai waɗanda ake yi da fure ko da wani sashe na fure. Biyu daga cikinsu ne wannan takarda ta ɗauka: shayin furen kirisantimam, wanda Sinawa ke kira juhuwa, da zoɓo, wanda ake samu daga yakuwa a gonakin Rano da Kibiya da sauran ƙasar Hausa. Na farko baƙo ne da ake tallarsa a intanet da kantunan birni da sunan maganin ido da zafin jiki da hawan jini. Na biyu ɗan gida ne da yara ke yawo da shi a gora. Idan aka ɗora su a kan ma'aunin binciken da aka yi a jikin mutane, ɗan gidan ne ya fi nauyin hujja.

Juhuwa a ƙasarta

Kirisantimam na cikin dangin tsirrai da ake kira Asteraceae, dangi ɗaya da shuwaka da latas. Iri biyu aka fi sha a matsayin shayi, wato Chrysanthemum morifolium da Chrysanthemum indicum. Ana tsinkar furen a ƙarshen kaka, a turara shi ko a shanya shi kai tsaye, sannan a jefa 'yan ƙwayoyi a kofi a zuba tafasasshen ruwa. Ruwan kan fito fari-fari zuwa rawaya, da ƙamshi mai sanyi da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Shan sa ya yaɗu a Sin tun zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, kuma Li Shizhen ya yi bayaninsa a babban kundinsa na magunguna, Bencao Gangmu, wanda ya kammala a 1578. Har yau ana bambanta ire-irensa da garuruwan da ake noma su: na Tongxiang a lardin Zhejiang, da na Huangshan da Chuzhou da Bozhou a lardin Anhui.

Magungunan gargajiyar Sin sun sa juhuwa cikin abubuwa masu sanyaya jiki. Ana ba da ita ga mai jan ido, da mai ciwon kai, da wanda mura ta fara kamawa da zazzaɓi. Wannan rabo na abinci zuwa mai zafi da mai sanyi ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba, domin shi ma yana da ciwon da yake kira sanyi, yana da abincin da yake cewa yana sa zafi. A ɗakin gwaji an samu sinadarai na rukunin filabonoyid a furen, musamman lutiyolin da afijenin, tare da wani asid da ake kira kulorojenik wanda shi ma yana cikin gahawa. An nuna cewa suna rage kumburi, suna kuma kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa. Amma akasarin wannan aiki a cikin kwalba da jikin ɓeraye aka yi shi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane kaɗan ne kuma ƙanana, don haka abin da za a iya tsayawa a kai shi ne: abin sha ne marar kafeyin, marar kitse, wanda kusan babu kalori a cikinsa muddin ba a zuba masa sukari ba. Na kwali da na gwangwani da ake sayarwa a Singafo da Maleshiya galibi da sukarinsu suke zuwa.

Furen yana da illa ga masu borin jini da ke tashi idan sun kusanci tsirran danginsa, domin yakan sa musu ƙaiƙayi ko atishawa ko ƙurajen fata. Akwai kuma wani ɗan'uwansa na kusa, fairetiram, wanda ake nomawa a Kenya da Tanzaniya domin a fitar da gubar kashe sauro da ƙwari daga furensa. Kamannin fure ba hujja ba ce ta jefa shi a kofi.

Yakuwa a gonar Rano da Kibiya

Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida ita da Kano ne aka ba sarautar baba, wato rini. Ƙananan hukumomin Rano da Kibiya suna kudu da birnin Kano. Ƙidayar 2006 ta ba Rano mutum kimanin 145,000, Kibiya kuma kimanin 137,000, kuma tun 2024 su biyun da Bunkure ne ke ƙarƙashin masarautar Rano. Ƙasa ce ta noma mai duwatsu jefi-jefi, ruwan samanta ya ɗara na arewacin jihar, kuma tana maƙwabtaka da madatsar Tiga. Dawa da masara da gero da gyaɗa da wake su ne ƙashin bayan gona. Yakuwa ba ta cika samun gona tata ita kaɗai ba. A garuruwa irin su Rurum da Lausu da Saji, ko Tarai da Durba da Kahu, kamar yadda yake a sauran karkarar Kano, an fi ganinta a iyakar gona tana raba wannan fage da wancan, ko tsakanin kunyoyin gyaɗa, ko a bayan gida inda mata ke tsinkar ganyenta na miya. Noman zoɓo na kasuwa mai faɗi ya fi ƙarfi a jihar Jigawa.

Sunanta na kimiyya Hibiscus sabdariffa, kuma dangi ɗaya take da kuɓewa da rama da auduga. Yawan sunayen da Hausa ta ba sassanta shaida ce ta daɗewarta a hannu. Ganyen shi ne yakuwa, a wasu wurare sure. Jan ɓawon da ake shanyawa shi ne zoɓorodo ko soɓorodo, daga nan aka samu zoɓo da soɓo. Irin shi ne gurguzu, da shi kuma ake yin daddawar batso, wadda har yanzu ke da kasuwa a Jamhuriyar Nijar. A Sudan da Masar abin shan sunansa karkade, a Sanagal bisaf, a Gana sobolo, a Meziko kuma ruwan Jamaika suke ce masa.

Kiran zoɓo shayin fure yana buƙatar ɗan gyara. Furen yakuwa kan buɗe da safe, fari-fari ko rawaya-rawaya da jan ciki, ya yanƙwane a ranar. Abin da ke kumbura bayan ya faɗi shi ne kofin da ya riƙe shi, wanda ke rungume da ƙwanson iri. Wannan kofi mai kauri shi ake ɓarewa a shanya. Yakuwa tsiro ce da ba ta yin fure sai rana ta fara gajarcewa, shi ya sa ko an shuka ta da ruwan farko sai bayan damina ta ja baya take nuna, a girbe ta da kaka zuwa farkon hunturu, lokacin da iska ta bushe ta dace da shanya.

Abin da ke cikin kofi

Jan launin zoɓo daga wasu sinadarai yake da ake kira antosayanin, kuma biyu ne suka rinjaya a cikinsa, ɗaya daga jinsin delfinidin, ɗaya daga jinsin sayanidin. Tsaminsa kuwa daga asid ne iri-iri: sitirik irin na lemun tsami, da malik, da tatarik irin na tsamiya, da wani da aka raɗa wa sunan tsiron kansa. A ma'aunin tsami na pH, ruwan zoɓon da ba a taɓa ba yakan tsaya ƙasa da 3, kusa da ruwan lemun tsami. Farin zoɓo yana da tsamin amma kusan ba shi da antosayanin, saboda haka sakamakon binciken da aka yi da ja ba za a ɗora masa kai tsaye ba.

Ta fuskar gina jiki, kofin zoɓo da kofin juhuwa duk ruwa ne mai ɗauke da sinadaran tsiro. Babu furotin na a-zo-a-gani, babu kitse. Ɗanyen zoɓorodo yana da bitamin C, amma shanya a rana da doguwar tafasa suna cinye kaso mai yawa. Akwai ma'adinai irin su kalsiyam da fotasiyam da ƙarfe a busasshen ɓawon, sai dai abin da ke narkewa ya shiga kofi ɗan kaɗan ne. A nan ya kamata a tsaya a kan maganar da ta zama ruwan dare, cewa zoɓo na ƙara jini. Tushen maganar a launi yake, kuma launin na antosayanin ne, ba shi da haɗi da jan jinin mutum, wanda ke buƙatar sinadarin ƙarfe. Mai ƙarancin jini, musamman mace mai ciki ko mai jego ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya tsotse, abin da zai amfane shi hanta ce da nama da kifi da wake da ganye, da ƙwayar ƙarin jini ta asibiti. Idan gina jiki ake nema a yakuwa, ganyen da ake sawa a fate da miyar taushe, da gurguzun da ke da furotin da mai, sun fi kofin zoɓo nesa ba kusa ba.

Zoɓo da hawan jini

Inda zoɓo ya yi fice shi ne batun hawan jini. Ana auna bugun jini da lambobi biyu, ta sama da ta ƙasa, kuma idan awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, an shiga hawan jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa cutar na tare da kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi uku a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da ita ba, domin ba ta cika yin sallama ba kafin ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ko na zuciya.

A 2004 Herrera-Arellano da abokan aikinsa a Meziko sun kwatanta jiƙon giram 10 na busasshen zoɓo a kullum da maganin hawan jini mai suna kaftofuril na tsawon mako huɗu, suka ga saukar jini a rukunonin biyu ta yi kusa da juna. A 2007 Mojiminiyi da abokan aikinsa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato sun nuna saukar bugun jini a ɓerayen da aka ba ruwan zoɓorodo. Gwajin da aka fi ambato shi ne na Diane McKay da abokanta a Jami'ar Tufts ta Amurka, wanda aka buga a 2010. Mutum 65 ne suka shiga, masu hawan jini mai sauƙi ko waɗanda ke bakin shiga, babu mai shan magani a cikinsu. An ba wasu kofi uku na zoɓo a rana, kowane kofi mililita 240, an ba sauran wani abin sha da aka kwaikwayi zoɓo da shi, har mako shida. Lambar sama ta masu shan zoɓo ta sauka da maki 7.2, ta ɗaya rukunin da maki 1.3, kuma waɗanda jininsu ya fi hawa tun farko su suka fi ganin sauƙi. A 2015 Serban da abokansa sun tattara gwaje-gwaje biyar da suka ƙunshi mutum 390, suka samu matsakaicin sauka na maki 7.6 a lambar sama da 3.5 a ta ƙasa. A shekarar ne kuma Nwachukwu da abokan aikinsa a Inugu suka buga kwatancin da suka yi tsakanin zoɓo da wani maganin sa fitsari da ake ba masu hawan jini, a jikin 'yan Nijeriya, zoɓon kuma ya taka rawar gani.

Hanyoyi biyu aka fi dangantawa da wannan aiki. Antosayanin na zoɓo yana rage ƙarfin wani sinadarin jiki da ke haddasa tsukewar jijiyoyin jini, wanda shi ne kaftofuril da 'yan'uwansa ke tarewa. Zoɓo kuma yana ɗan ƙara fitar fitsari tare da gishiri.

Maki bakwai ba abin rainawa ba ne ga wanda jininsa ke 135 ko 140. Ga wanda nasa ya kai 180, maki bakwai ba su fitar da shi daga haɗari ba. Gwaje-gwajen nan gajeru ne, na makonni, mahalartansu kaɗan ne, kuma sun auna lambar awo ne kawai. Magungunan asibiti su ne aka bi shekaru ana gwadawa har aka tabbatar suna rage shanyewar jiki da mutuwa. Don haka matsayin zoɓo na mataimaki ne, a gefen rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, da motsa jiki, da shan magani a kan ƙa'ida. Mutumin Kibiya da ya ajiye ƙwayarsa ya koma zoɓo ba tare da awo ba, ya yi sakin na hannu ne. Sauran fa'idojin da ake ambato, kamar rage kitsen jini da sukari da ƙiba, sakamakonsu ya saɓa daga gwaji zuwa gwaji, bai kai ƙarfin na hawan jini ba.

Haɗuwa da magani, da masu ciki

Abin da ke iya sauke jini yana iya cin karo da magani. Wani bincike da aka yi a Sudan a 1994 ya nuna cewa shan kulorokwin tare da karkade, ko jiƙon tsamiya, ko ruwan lemun tsami, yana rage yawan maganin da ke shiga jini sosai. Kulorokwin ya daina zama maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, amma darasin bai tsufa ba, domin al'adar haɗiye ƙwaya da duk abin shan da ke kusa tana nan. A 2004 Kolawole da Maduenyi na Jami'ar Jos sun gwada zoɓo da farasitamol a jikin mutum shida, suka ga jiki ya ɗan fi saurin fitar da maganin. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce a sha magani da ruwa zalla, a bar tazara kafin zoɓo. Wanda ke kan maganin hawan jini ko na ciwon sukari, idan zai mai da zoɓo abin shan kullum, ya dace ma'aikacin lafiyarsa ya sani, domin jiri da kasala na iya biyo baya in saukar ta yi yawa.

Ga mai ciki, gwajin dabbobi da aka ba zoɓo mai yawa ya nuna alamun da suka sa likitoci ke ba da shawarar a ƙaurace wa mai kauri da yawan sha. Mai gyambon ciki yakan ji tsamin ya tayar masa da ƙwannafi. Tsamin kuma yana cin farin ɓawon haƙori idan ana tsotsarsa yini guda, abin da ya fi shafar yara masu tsotsar ƙanƙarar zoɓo a leda.

Daga shanya zuwa gora

Zoɓon da aka sha a gwaje-gwajen da aka ambata jiƙo ne tsantsa, awonsa sananne. Wanda ake sha a gidan biki da bakin kasuwa da lokacin buɗa-baki ya bi ta hannuwa da yawa, kuma kowane hannu na iya ƙara masa ko rage masa.

Farkon hannun shi ne na mai shanya. Zoɓorodon da aka baza a ƙasa tsirara yana kwasar yashi da kashin dabbobi, wanda aka ɗure a buhu bai gama bushewa ba kuma yakan yi fumfuna. Shanya a kan tabarma ko tamfol mai tsabta, da ajiya a inuwa inda babu laima, su ke riƙe launi, launin kuwa shi ne ma'aunin antosayanin da ido ke iya gani. Shi ne kuma abin da dillalai ke dubawa a kasuwar Dawanau, inda ake tara zoɓon da ake fitarwa waje, Meziko na cikin manyan masu saye. Fesa maganin ƙwari a buhun ajiya yana ɓata kayan ga ɗan kasuwa, yana kuma bin ruwa ya shiga cikin mai sha.

Hannu na biyu na mai dafawa ne. Doguwar tafasa tana kashe bitamin C tana dusashe antosayanin, alhali jiƙawa a tafasasshen ruwa a rufe na ɗan lokaci ya isa ya fitar da launi da tsami. Mata da yawa na jefa kanwa ko bakar hoda domin a kashe tsami a rage cin sukari. Nan take launin kan juya daga ja zuwa shuɗi-shuɗi mai duhu, saboda antosayanin yana canza kama idan tsami ya ragu, kuma a wannan yanayi ya fi saurin lalacewa. Kanwa da bakar hoda duk suna ɗauke da sodiyam, wanda shi ne mai hawan jini ke gudu a gishiri. Rage tsami kuma yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, domin tsamin ne ke hana da yawansu hayayyafa. Barin zoɓo ya kwana a tukunyar dalma shi ma ba shi da kyau, domin asid yana cin jikin tukunyar. Citta da kanumfari da na'a-na'a da ɓawon abarba da aka wanke suna ba da ƙamshi ba tare da wata illa ba, kanumfari ma yana ɗan jinkirta lalacewa.

Sukari ne babban mai rushe amfanin. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, kusan ƙaramin cokali 12. Gora ɗaya da aka zuba wa ƙaramin cokali shida ta cinye rabin kason yini tun kafin a zo ga koko da shayin safe. Tsohuwar dabarar zaƙaƙa zoɓo da dafaffen dankalin Hausa ta fi sauƙi ga jiki. Mazarƙwaila da zuma kuwa, duk da sunan da suka yi, a lissafin hukumar cikin sukari suke.

Hannu na ƙarshe shi ne na mai ƙullawa. Sau da yawa da ɗanyen ruwa ake tsinka zoɓon bayan an sauke, a ɗura a gorunan da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama, a jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Ta nan taifot da amai da gudawa ke samun hanya. Kayan haɗi na gari da ake saye a kasuwa ba tare da lamba ba su ma abin tsoro ne. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan abubuwan sha da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗanɗano da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami, har hukumar NAFDAC ta shiga bincike ta kama masu hannu. Zoɓo da tsaminsa yake zuwa, ba ya buƙatar ɗan tsami ko kala. Idan aka tsinka shi da tafasasshen ruwa, aka wanke gora da sabulu da ruwan zafi, ya kamata a shanye shi a ranar in babu firji, domin a zafin bazara yakan fara tsami na ruɓa da kumfa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.